VPN ɗin ofis a waya: ya fitar da ni kunya a gadar Ngeli, amma masu girka shi sun ci mini rai

Aikina kula da sito da rakiyar kaya, a wani kamfanin sayar da man girki da sabulu da shinkafa mai babban ofishi a Garwa da rassa a Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru. Duk lissafinmu, daga abin da ya shigo sito zuwa faktir, wato takardar lissafin kuɗin kaya da ake ba mai saye, yana cikin kwamfuta guda da ke ajiye a ɗakin akanta. A da in kana kan hanya aka buƙaci takarda, sai dai ka kira akanta, ya buga, ya ɗauki hotonta ya turo maka ta WhatsApp, rabinta a duhu, hatimin ma ba ya karantuwa. Bara maigida ya gaji, ya ɗauko wasu masu aikin kwamfuta daga Duwala suka girka wani ɗan akwati a ofis, suka ce daga yanzu kowa zai iya shiga kwamfutar lissafi daga wayarsa ta VPN. A kan wannan abin nake magana, da kuma mutanen da suka sa mana shi, don abubuwa biyu ne daban, kuma ra'ayina a kansu bai zo ɗaya ba.

Mu nan yankin ba baƙin VPN ba ne. Duk mai 'yan'uwa a Injamena ya tuna lokacin da aka toshe WhatsApp da Facebook a Chadi daga Maris 2018 har Yuli 2019, wata goma sha shida cur, har tsofaffin da ba su iya karatun boko ba sai da jikoki suka sa musu VPN a waya. Amma wancan fitar da kai yake yi zuwa Faransa ko Holan don ka zagaye shinge. Wannan na ofis shigar da kai yake yi cikin ofishinku, wayarka ta zama kamar tana kan teburin akanta alhali kana Mora ko Yagwa. Abin da ke tafiya tsakaninku a rufe yake, mai rezo yana ganin ana wucewa amma bai san me aka ɗauko ba.

Farkon zuwansu tsohuwar hanya suka sa mana, wadda ake kira L2TP, sai aka tarar yawancin sababbin wayoyi, waɗanda suka fito da Android 12 zuwa sama, ba su ma da wurin buɗe ta a saiti. Suka koma suka canza zuwa WireGuard. Nan kam ban sha wata wahala ba: na sauke manhajar, kyauta ce, suka nuna mini lambar QR a fuskar kwamfuta, na haska da kyamara, na taɓa ɗan maɓalli, hoton mabuɗi ya fito a saman waya kusa da batir. Shi ke nan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a Kuseri, a tsakiyar zafin Afrilu, ranar wata Juma'a. Na rako babbar mota da katan-katan na man girki zuwa wurin wani Alhaji mai rumfa a Kasuwar Gero ta Injamena. Wanda ya taɓa bin hanyar Marwa zuwa Mora, Waza, Dabanga har Kuseri ya san yadda mutum ke isa, jiki ya yi tsami, ido ya yi ja da ƙura, direba ba ya son a ce masa uffan. Mun shiga layin motoci a bakin gadar Ngeli, mai fitar mana da takardun duwan, wato kwastan, ya karɓi faktir ya shiga ciki, can sai ga shi ya dawo da sauri yana kaɗa takardar. A faktir an rubuta katan 640, a cikin mota kuwa 460 ne, haka ma takardar lodi ta nuna. Hannun mai bugawa ne ya juya lambobin. Duk wanda ya yi hulɗa da duwan ya san abin da wannan ke nufi: ko dai ka biya a kan kayan da ba ka ɗauko ba, ko a ce ka sauke 180 a hanya a fara tambayarka ina suke. Gyara da biro kuwa ba a ma zancensa. Sabuwar faktir ake so, mai lamba daga kwamfutar kamfani, kuma kafin ma'aikata su tashi da yamma, in ba haka ba mota ta kwana nan, wataƙila har Litinin.

Na kira akanta, waya a kashe. Daga baya na ji yana asibiti ne da ɗansa. Na kira yaron da ke taimaka masa, ya ce an rufe ofis tun lokacin masallaci, mabuɗi yana hannun maigadi, shi kuma ba a ba shi izinin soke faktir ba. Maigida yana Ngaundere. Alhajin Injamena yana ta kirana, yaransa sun riga sun ɗauko 'yan dako suna jira. Direban, dattijo ne da ya girme ni nesa, ya shimfiɗa tabarma a inuwar mota ya ce, "Malam, in kwana za mu yi ka faɗa mini tun yanzu in nemi wurin da zan aje ta, kada dare ya same ni a nan bakin." Na ce, "Baba, ka ba ni ɗan lokaci, akwai abin da zan gwada."

Har ga Allah ban sa rai ba. Ni ina da izinin gyara a kwamfutar, amma ban taɓa yin aiki mai nauyi ta waya ba sai duba yawan kaya. Kuma bakin gadar nan wuri ne da waya ke rikicewa. Kogin Logon kaɗai ya raba ka da Chadi, eriyoyin ƙasashen biyu suna jan ta, ga layi biyu a wayata, na Kamaru da na Chadi. Na kira maigida ya ba ni izini da baki, na zauna a kan matakin mota, na duba mabuɗin yana kunne. Shafin lissafi ya buɗe. A hankali ya buɗe, amma ya buɗe, ga faktir ɗin da kuskurenta baro-baro. Na fara soke ta, ina tsakiyar cike sabuwa sai rezon Kamaru ya faɗi daga 4G ya koma wancan harafin E da kowa ya tsana, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Gabana ya faɗi, don na san in aka yanke a tsakiya, tsohuwar ta soku, sabuwa ba ta fito ba, ka ga an koma gidan jiya har da ƙari. Na juya data zuwa layin Chadi, hannuna na rawa, gumi na ɗiga a gilashin waya ina gogewa da hannun riga. Na koma shafin. Yana nan yadda na bar shi, sunan Alhaji da na rubuta rabi bai goge ba, ba a ce in sake shiga ba, ba a sake tambayata kalmar sirri ba. Na ƙarasa, na danna ajiye, lamba ta fito.

Daga baya wani ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ngaundere ya yi mini bayanin dalili. WireGuard ba ya gane ka da adireshin da rezo ya ba ka, da mabuɗin sirrin da ke cikin wayarka yake gane ka. Don haka ko ka sauya layi, ko ka bar data ka hau wifi, da zarar saƙo ya isa ɗauke da mabuɗin daidai, akwatin ofis sai ya ci gaba da ba ka amsa a sabon wurin da kake. Ya ce wani Ba'amurke ne mai suna Jason Donenfeld ya ƙirƙiro shi, an shigar da shi cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, a 2020, kuma rubutunsa bai wuce layi 4,000 da wani abu ba. Ni dai abin da na gani da idona shi ne na ƙetare daga rezon wata ƙasa zuwa na wata ina zaune wuri guda, aikina bai zube ba.

Na hau kilando, wato babur na haya, zuwa wani shagon buga takardu a cikin gari, na tura wa yarinyar da ke wurin faktir ɗin, ta buga mini biyu, na biya ta reshenmu aka sa hatimi, na dawo. Mai takardun duwan ya duba ya sake dubawa ya ce, "Daga ina ka samo wannan, ba ka ce an rufe Garwa ba?" Na nuna masa waya. Mun ƙetare gada rana ba ta faɗi ba, muka yi sallar magariba a Injamena. Dattijon direban nan da ba ya yabon komai ya ce, "Malam, wannan abin naka ka riƙe shi da kyau." A daren nan da an ce in ba shi maki, da na cika masa ba ragi, kuma na faɗa wa duk wanda na haɗu da shi a kasuwa cewa duk kamfanin da ke da mutane a hanya bai sa wannan ba yana cutar kansa.

To amma da na dawo gida na fara lura da abubuwa, kuma tun daga nan raina yake ɓaci duk lokacin da na tuna mutanen Duwalan nan.

Na farko data. Ina sayen forfe, wato ƙunshin datan nan mai arha na WhatsApp da Facebook kamar kowa, sannan in sa ɗan na gama-gari don aiki. Sai na ga na gama-garin yana ƙarewa kamar ana zuƙe shi, na WhatsApp kuwa yana nan ko taɓa shi ba a yi ba, har wa'adinsa ya ƙare ya mutu a banza. Da na gama-gari ya ƙare sai aka shiga cin kiredina. Dalili kuwa mai sauƙi ne da zarar an faɗa maka: sun saita abin ne yadda komai na wayar sai ya bi ta ofis, ba shafin lissafi kaɗai ba. Kiran bidiyo da iyalina, karatun malamai da nake saurara, hoton da ƙanwata ta turo daga Kano, duk sai sun je Garwa sun shiga akwatin sannan su fita duniya. Tunda a rufe suke tafiya, mai rezo ba ya gane cewa WhatsApp ne, sai ya cire daga babban asusu. Wannan ba laifin rezo ba ne, ba kuma laifin manhajar ba. Layi guda ne a cikin saitin, inda ake rubuta adireshin da aka yarda su bi ta ramin, wato rufaffiyar hanyar VPN ɗin. Su sun rubuta 0.0.0.0/0, wato kowa da komai, alhali da sun sa adireshin ofis kaɗai da magana ta ƙare. Ɗan ƙanena ya nuna mini layin da yatsa. Aikin minti ɗaya ne. Kuɗin da ma'aikata fiye da goma suka yi ta zubarwa daga aljihunsu wata da watanni, babu wanda ya mayar mana da ko dala.

Kuma akwai abin da ya fi kuɗin damuna. In komai nawa yana bi ta ofis, to mai kula da akwatin zai iya ganin sunayen shafukan da na shiga da lokacin da na shiga. Saƙon WhatsApp kansa ba zai karantu ba, wannan a kulle yake daga waya zuwa waya, amma sauran fa? Wayar nan tawa ce, da kuɗina na saya, ba ta kamfani ba. Ba ni da abin ɓoyewa, amma ba na son wani saurayi a Duwala da ban taɓa gani ba ya san na kwana ina neman bayanin wata cuta ko ina duba farashin fili. Ranar da suka zo girkawa ba wanda ya buɗe baki ya faɗa mana wannan. Suka jera mu muka haska QR ɗaya bayan ɗaya, suka shiga mota suka nufi filin jirgi.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya kusa sa in goge abin gaba ɗaya. Kowa a arewa ya san wutarmu daga madatsar Lagdo take, megawat 72 in ruwa ya cika, kuma in rani ya yi nisa ruwan Binuwai ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage, amma ba su kawar ba. Mutumin da zai girka akwati a Garwa ya kamata ya fara tambayar wannan kafin komai. Su ɗan ƙaramin batir suka haɗa masa, wanda ba ya kai ko'ina, gurup ɗin ofis kuwa, wato janareta, ba a tayar da shi sai lokacin aiki. Wuta na ɗaukewa da dare ko ranar Lahadi, akwati ya mutu. Da ace shafin lissafi ne kawai zai tsaya, da sauƙi. Amma sun kunna mana wancan saitin na Android da ke barin VPN a kunne kullum ya kuma hana duk wani haɗi da bai bi ta cikinsa ba. Ma'ana, a ɗauke wuta a unguwar ofis a Garwa, ni ina Marwa da rezo cike da sanda huɗu, wayata ta zama ba intanet kwata-kwata. Wani dare matata tana jiran in tura mata kuɗin magani, manhajar kuɗi ta ƙi buɗewa, sai da na koma tsohuwar hanyar danna lambobi da tauraro, wadda ita ba ruwanta da intanet. Ina duban mabuɗin nan a saman waya yana nan daram kamar lafiya lau.

Wannan ma abu ne da ya kamata su koya mana. Mabuɗin yana nuna ka kunna ne kawai, ba ya nuna an amsa maka daga can. In kana son sanin gaskiya sai ka shiga cikin manhajar ka duba layin da ke faɗin yaushe waya da akwati suka yi musabaha ta ƙarshe. In abu na tafiya, kusan duk minti biyu suke sabunta ta. In ka ga an daɗe, ko ka ga adadin abin da ka tura yana hawa na abin da ka karɓa yana tsaye, to ofis ne ya mutu, kada ka ɓata lokaci kana kashe waya kana kunnawa kana zagin rezo. Mutanenmu nawa suka je suka sake sayen forfe a kan forfe suna zaton nasu ne ya ƙare.

Ƙananan abubuwa ba zan tsaya a kansu ba. Batir yana ci amma ba sosai ba. Wayoyin da ke da mai tsimin batir mai tsanani sukan kashe manhajar in allo ya daɗe a rufe, sai ka cire ta daga jerin waɗanda ake kashewa. Android ba ya yarda VPN biyu su yi aiki tare, in ka kunna wani wannan zai sauka. Akwai kuma lambobi shida da shafin lissafi ke tambaya, masu canzawa duk daƙiƙa 30, waɗanda da agogon waya suke aiki. Wani abokin aikinmu ya tura agogonsa gaba da minti biyar don kada jam'i ya wuce shi, ya yi ta sa lamba ana cewa ba daidai ba, har aka kulle shi. Da aka mayar da agogon ya riƙa saita kansa, nan take ya shiga.

Abin da ba zan yafe ba shi ne na wayar da aka sace. An fizge wa mai karɓar kuɗinmu na Marwa waya yana kan kilando, da yamma, kusa da kasuwa. A cikinta akwai mabuɗin shiga ofis. Shi wannan mabuɗin ba ya tambayar kalmar sirri, duk wanda ya iya buɗe wayar ya taɓa maɓalli ya iso ƙofar kwamfutar kamfani, kuma zai ci gaba da isowa har sai an goge sunan wayar daga akwatin. A daren muka kira lambar da suka bar mana, ba a ɗauka ba. Muka tura saƙo, aka amsa da Faransanci cewa an karɓi ƙorafinmu ga lambarsa. Washegari shiru. Maigida da kansa ya kira, aka ce mai aikin yana Kiribi wurin wani kwastoma. Kwanaki suka yi ta wucewa ƙofarmu tana hannun ɓarawo, har akanta ya ga ba mafita ya riƙa zare wayar wutar akwatin duk yamma in zai tashi, wanda hakan ke nufin duk mu da ke hanya mun rasa intanet har safe. Allah Ya tsare, ɓarawon da alama goge wayar ya yi ya sayar. Amma mutanen da ake biya duk wata don kula da abu, su kasa goge layi ɗaya a ranar da aka fi buƙatarsu, ban san me ake biyan su a kai ba. Kuma sun ƙi ba kowa a Garwa izinin shiga akwatin, wai kada a lalata musu aiki.

Don haka in ka tambaye ni yau, amsata ta rabu. Abin kansa ina son sa, kuma ba zan so in koma zamanin hoton faktir a duhu ba. Ko jiya daga sito na duba bashin wani kwastoma kafin in sake masa kaya, ban kira kowa ba. Wanda zai sa wa ma'aikatansa, ya sa, amma kafin ya sa hannu a takarda ya tsaya a kan cewa shafukan ofis kaɗai za su bi ta ramin, a haɗa wa akwati batir ko sola da zai kwana, kuma a bar mutum ɗaya a cikin gari wanda zai iya goge waya ko ƙara wata ba sai an jira Duwala ba. Ya kuma tara ma'aikatan a yi musu bayani da harshen da suke ji, Hausa ko Fulatanci, ba a bar musu takarda da Faransancin masu kwamfuta ba.

Ni a wayata na kashe saitin nan na kullum, ina kunna mabuɗin in zan yi aiki in kashe in na gama, kuma na koya wa sauran. Sabon QR mai gyararren saiti da suka yi alkawari tun kafin azumi, har yanzu gafara sa muke ji ba mu ga ƙaho ba. Kwantiraginsu zai ƙare a Disamba, na kuma faɗa wa maigida a gaban akanta cewa a bar akwatin inda yake, a nemi wani a nan Garwa ya karɓi kula da shi.